Sayen Tsohon Gidan Haya a Matameye: Takarda, Ruwa, Sannan Fenti

Wanda ya tara ƴan kuɗi a Matameye, ko ɗan garin da ke nema a Kano, Libiya ko Aljeriya yana aiko da abin da ya samu, shawara biyu aka saba ba shi. Wasu su ce ya sayi fili a bakin gari ya gina sabo, wasu su ce ya nemi tsohon gida mai ɗakuna a cikin gari, ya gyara, ya zuba ƴan haya. Na fi karkata ga ta biyu. Tsohon gida yana cikin mutane, kusa da kasuwa da makaranta da asibiti, kuma galibi wayar wuta da bututun famfo sun riga sun iso ƙofarsa, alhali mai fili a bakin gari sai ya jira gari ya tarar da shi. Amma akwai sharaɗi. Kuɗinka su fita bi da bi: takarda tukuna, sai hanyar ruwan sama, sai shadda, sai wuta, sannan ƙofar gida da fenti. Yawancin masu kuka da wannan harka daga ƙarshen jerin suka faro.

Kafin ka taka gida ko ɗaya, san wanda za ka ba haya. Matameye ce hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram. Nan farfe yake zaune, akwai asibitin gunduma da makarantun sakandare da jandarmomi, ga ma'aikatan duwan saboda iyakar Ɗan Barto da ke kan hanyar Daura. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka turo daga Zinder, Maraɗi ko Yamai yana neman ɗaki da falo, da wurin da matarsa za ta girka ba idon kowa a kanta. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin nan da Mai'aduwa, da ɗan kabu-kabu, da ɗalibin da ya zo daga ƙauye, ɗaki ɗaya mai ƙofa mai ƙarfi ya ishe su. Waɗannan jinsi biyu ba sa zama lafiya a tsakar gida ɗaya. Magidanci ba zai yarda samari su riƙa shige da fice a gaban iyalinsa ba, kuma yana da gaskiya. Ka yanke tun farko ko gidan iyali kake so ko na marasa iyali, domin wannan ne zai nuna maka inda za ka ja katanga da yawan makewayin da za ka gina.

Tsohon gida a garuruwanmu kusan kullum gidan gado ne, kuma a nan hatsarin yake. Wanda ya kawo maka tallar, ko dillali ne ko babban ɗan mamaci, zai ce maka, "Alhaji, duk mun yarda, ni ne wakili." Ka karɓi maganarsa da mutunci, sannan ka ce, "Madalla, Malam. To a tara mini su, ko a kawo mini yardarsu a rubuce." Ka nemi sanin magada ɗaya bayan ɗaya: matan mamacin, ƴaƴa maza, ƴaƴa mata da suka yi aure a Daura ko Magarya, wanda ya tafi ci-rani shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, da marayun ɗan da ya rasu bayan mahaifinsa. Matan nan da ke gidajen aurensu su ne aka fi mantawa da su, kuma haƙƙinsu bai faɗi ba don sun yi nisa. Idan akwai rabon maraya a ciki, kada ka motsa sai alƙali ya san da maganar. Ka kuma tuna da hukuncin shufa'a a mazhabar Malikiyya da muke bi: idan gida bai rabu ba, ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da ikon mayar wa baren kuɗinsa su karɓi kason. Saboda haka sayen kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba sayen rigima ne.

Takardun da za a nuna maka iri-iri ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Akwai shaidar mallakar gado ko ta ciniki da mai unguwa ko hakimi ya sa wa hannu. Akwai takardar fili ta ofishin magajin gari, wadda ake bayarwa a unguwannin da aka yanka filaye, ita ce mutane ke kira akt da sesiyo. Sai mafi ƙarfinsu, titir fonsiye, daga ofishin kula da filaye na gwamnati. Tun 2006 aka fito da sauƙaƙƙen nau'inta mai suna Sheda domin talaka ya iya samu. Idan gidan a gefen gari yake, inda gonaki ne a da, ka biya ta hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta 1993, ka ji ko ƙasar tana da wani tarihi. Kowace takarda aka ba ka, ka ɗauke ta da ƙafarka zuwa ofishin da aka ce ya bayar, a buɗe rajista a gabanka, a duba suna da lamba. Ka auna gidan da igiya, ka kira maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, su tsaya su ce sun yarda da iyaka. Ka tambaya ko an taɓa jinginar da gidan. Ka je kamfanin wuta na NIGELEC da kamfanin ruwa, wanda tun farkon 2024 ya koma NDE bayan SEEN, ka ji ko akwai bashi a kan mita. Kuɗi kuwa a biya su gaban shaidu da hukuma, bayan an rubuta, kuma a fara aikin sauya suna a makon da aka yi ciniki. Duk wannan zai ci maka wata ɗaya ko biyu da ɗan kuɗi. Shari'ar gado tana cin shekaru, kuma ba a karɓar haya a gidan da kotu ta ce a dakata.

Lokacin duba gida shi ne watan Agusta, da safe bayan an kwana ana ruwa. Mai sayarwa ya fi son ka zo da rani, lokacin da kowane bango ya bushe ya yi kyau. Idan ciniki ya faɗo da rani ba yadda za ka yi, to ka karanta sawun da damina ta bari, kuma ka tambayi matar da ta fi daɗewa tana haya a gidan, don ita ta san ɗakin da ake tara kwanoni in hadari ya taso.

Fara daga waje, ka tsaya a titi ka dubi inda ruwa ke bi. A tsofaffin unguwanni titi yana ta hawa da shara da yashi shekara da shekaru, har ya fi tsakar gida tudu, sai ruwan unguwa ya riƙa kwararowa ta zaure. Gidan da ke cikin kwari irin wannan yana buƙatar ciko da ɗaga dokin ƙofa, wani lokaci har da ɗaga daɓen ɗakuna, kuma wannan kuɗi ne da za ka cire daga farashin saye. Daga nan ka durƙusa a gindin bango. Ka sa yatsa ka murza ƙasar da ke kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa. In ta zubo kamar gari, ko ka ga farin gishiri ya feso a jiki, damshi ne ke hawa daga ƙasa yana cin ginin. In an yi wa bangon ƙasa filastar siminti, ɗauki makulli ka riƙa ƙwanƙwasawa kana tafiya. Inda ya kama, sautin a daskare yake. Inda ya saki, za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, kuma bayan wannan ɓawon akwai ramin da ruwa ko gara suka yi. Tsagewar da ta tsaya a fatar yaɓe ba abin damuwa ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi karkace, ko ta raba bango biyu a lungu har hannu na shiga, tana nuna tushe ya motsa.

Sai ka shiga ɗaki ka ɗaga kai. In rufin soro ne, nemi tsani ka soki bakin azara da tsinin wuƙa daidai inda ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa. Azarar giginya mai kyau gara ba ta cika damunta ba, tana iya fin mai gidan daɗewa, amma ƙasar da aka yi ta labta mata kowace shekara tana yi mata nauyi har ta lanƙwasa. Hau saman ka duba indararo: ya toshe, ya karye, ko gajere ne yana zubar da ruwa a jikin bango? In rufin kwano ne, rufe ƙofa da rana tsaka ka ƙirga hasken da ke shigowa ta huda, ka duba katakon ko gara ta cinye cikinsa ta bar fata. Kada ka yi wannan zagaye kai kaɗai. Ka ɗauki tsohon magini wanda ya san ginin ƙasa, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko dillali, ka biya shi ladan yininsa.

Wanda yake ganin na cika tsoron ruwa ya tuna da daminar 2024. A ranar 3 ga Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Gidaje da dama sun faɗi a faɗin ƙasar, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ɗakin da za ka ba haya mutane ne za su kwana a ciki da ƴaƴansu, kuma amanarsu tana wuyanka.

Bayan duba sai lissafi, kuma a yi shi da biro kafin zuciya ta kwanta da gidan. Mu ƙaddara, misali kawai, gida mai ɗaki 8 an yi maka kuɗinsa sefa miliyan 6, magini ya ce gyara zai ci miliyan 2 da rabi. Ka rubuta miliyan 3, domin tsohon gini sai an buɗe shi ake sanin cutarsa. Jarinka ya zama miliyan 9. In kowane ɗaki jika 10 ne a wata, shekara za ta kawo 960,000 a takarda. Cire na wata biyu saboda ɗakin da zai zauna ba kowa da wanda zai gaza biya, 160,000 ke nan. Cire wata 100,000 ta yaɓe, kwashe shadda, haraji da ƙananan gyare-gyare. Abin da ya rage 700,000 ne, wato kusan shekara 13 kafin uwar kuɗi ta dawo. Sa naka alƙaluman na gaskiya a wannan gurbi, kuma kuɗin hayar ka ji shi daga bakin masu haya a layin, kada ka ɗauka daga bakin dillali. Haya a Matameye ba ta kai ta Zinder ba, balle Yamai, kuma tana da rufin da ba ta wucewa komai kyan tayil ɗin da ka shimfiɗa. Wannan harka ta mai haƙuri ce da ke son ajiye dukiya inda ba ta narkewa. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar cin bashi mai ruwa don ita: ban da haramcinsa, hayar ba za ta iya ɗaukar nauyin biyan ba. Adashe, ko haɗa hannu da ɗan'uwa bisa rubutacciyar yarjejeniya, ko gyara kaɗan-kaɗan daga abin da gidan ke kawowa, sun fi kwanciyar hankali. Mai son bin hanyar banki, ko da Bankin Musulunci na Nijar ne, ya sani cewa takarda mai ƙarfi za a fara tambayarsa.

Aiki ya fara bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba, a gama manyan abubuwa kafin Mayu. Fara da sama. In za ka bar rufin soro, a kankare tsohuwar ƙasar da ta yi yawa, a sauya azarar da ta mutu, a sake daɓe da gangare zuwa indararo, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Soro ya fi kwano sanyi a watan Afrilu nesa ba kusa ba, sai dai yana son kulawa kowace shekara, kuma azara ta yi tsada tunda giginya itace ce da doka ta kare, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. In kwano za ka sa, kada ka sayi mafi sirantaka don araha. A ba shi gangare sosai, a bar masa baki ya leƙo ya kare bango, a ɗaure katako da ƙarfe a cikin gini saboda iskar farkon damina, a sa sili da ƴan kafofin iska a sama. Ɗakin kwano marar sili ba mai zama cikinsa da bazara sai wanda ya rasa yadda zai yi, kuma da ya samu wani zai tashi.

Daga sama sai gindi. Inda bango ya ci, a sassaƙe ruɓaɓɓen har a kai ga mai ƙarfi, a cike da tubali da kwaɓi irin na asalin ginin, kaɗan-kaɗan, ana bari yana bushewa. Kada a yi wa bango rami mai tsawo a lokaci ɗaya, sai a bi shi gaɓa-gaɓa. Sannan a zagaye gindin da dakali na dutse ko bulo da siminti, mai gangare zuwa waje. A kan filastar siminti a jikin ginin ƙasa, ra'ayina a fili yake. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare, kuma in ruwa ya sami tsaga ya shiga bayan filasta ba ya samun hanyar fita, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye fuskarsa tana sheƙi. In dole sai an yi, saboda masu haya sun fi son sa, a kafa ƙusoshi da wayar raga a jiki tukuna, a fi ba da ƙarfi ga bangon gabas da ruwa ke duka, kuma a toshe kowace tsaga da zarar ta bayyana. Yaɓen gargajiya da makuba yana barin bango ya yi numfashi, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi. Ɗakin da ya riga ya karkata kuwa a rushe shi a tayar da bulo. Kada a yi masa kwalliya.

Shadda ita ce ke korar ƴan haya fiye da komai, ita ce kuma masu gida suka fi yi wa rowa. Tsohuwar masai da bakinta ya fara zaizayewa a cike ta a rufe, a haƙa sabuwa a gina cikinta, a zuba mata murfin kankare da rodi, a sa bututun iska mai raga a bakinsa saboda wari da ƙuda. A yankinmu na Korama, inda ake noman rake da lambu, akwai wuraren da ruwan ƙasa yake kusa, don haka ramin kada ya kai ga ruwa, kuma ya nisanci rijiya da kamar mita 30. Ma'aunin da ma'aikatan tsafta ke amfani da shi shi ne kada mutum fiye da 20 su haɗu a makewayi ɗaya, amma a gidan iyali ka yi ƙoƙari ka raba na maza da na mata, ka ware wurin wanka dabam. Ruwan wanka da wanke-wanke a yi masa rami mai tsakuwa a cikin gida. Sakin sa a titi shi ne mafarin faɗa da maƙwabta, kuma shi ne ke dawowa ya ci gindin katangarka.

Wayar wuta ta tsohon gida, wadda aka yi ta ɗaure-ɗaure da leda, a cire ta gaba ɗaya. Ka sa ƙwararren mai gyaran wuta ya ja sabuwa cikin bututu, kowane ɗaki da abin katse wutarsa. Rigimar kuɗin wuta tana raba zumunci a gidan haya: mai firiji da mai ƙwai ɗaya ba za su yarda a raba musu daidai ba. Ƙaramar mita ga kowane ɗaki tana kashe wannan magana. Famfo kuwa ɗaya a tsakar gida ya isa, a ɗora kuɗinsa bisa yawan mutanen kowane ɗaki, a gina masa daɓe da magudana.

Wajen kayan aiki, kusancinmu da iyaka alheri ne da ke iya juyewa. Kwano, ƙusa, fenti da kayan wuta da yawa ta Kano da Daura suke shigowa, kuma farashinsu yana bin canjin naira da sefa. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma duk wanda rufewar ta tarar da rufinsa a buɗe ya ji a jikinsa. Ka tara kayan mataki ɗaya cif kafin ka yaye kwano ko ka fasa bango. Siminti akwai na Malbaza da ake yi a ƙasar, kuma gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoba 2024, saboda haka ka tambayi farashin hukuma kafin ka biya. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 ne tan ɗaya. Kada ka tara shi ya wuce wata biyu ko uku, kuma a ɗora shi kan katako. Bulo in za ka saya, ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi. In ya watse, an yi wa siminti rowa. Duk abin da aka zuba da siminti a shayar da shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da shi kafin ya kama. Ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28.

Da magini ku yi jinga mataki-mataki, a rubuce: rufi kaza, shadda kaza. Kayan kai za ka saya, shi ladan hannunsa za ka biya, kuma kashi na ƙarshe sai an gama ka duba. In kana nesa kana aiko da kuɗi ta Nita ko Amana, kada ka ɗora wa mutum ɗaya saye da ajiya da biya. Wanda ke riƙe kuɗi dabam, wanda ke duba aiki dabam, a riƙa turo maka hoto da rasit. Wannan ya fi kare zumunci a kan yarda ta baki da ke ƙarewa da zargi.

Saura mutanen da ka tarar a gidan. Ranar da ciniki ya faɗa, ka je da kanka tare da mai unguwa ka gaishe su, ka gaya musu abin da za ka yi da lokacin da za ka yi shi. Ka tambayi wanda ya ba tsohon mai gida kuɗin gaba ko na ajiya, a warware wannan kafin ka cika biya. In da hali, ka gyara gidan ɓangare-ɓangare, ana matsar da mutane zuwa ɗakin da aka gama, ta haka haya ba ta tsaya ba kuma ba ka jefa kowa a titi ba. Wanda ya daɗe yana biya a kan lokaci ya fi sabon da ba ka sani ba daraja, ko da sabon ya yi alkawarin ƙarin jika biyu. In za ka ƙara kuɗi bayan gyara, ka sanar da wuri, ka ƙara daidai ƙarfin mutanen garin. Kada ka tashi mai iyali da damina ko a tsakiyar shekarar karatu. Nijar tana da dokar haya tun 1996, kuma cire wa mutum ƙofa ko yanke masa wuta don ya tashi zalunci ne da kan mayar da mai gaskiya marar gaskiya a gaban alƙali. Kowane ɗan haya ku rubuta takarda, ko da shafi ɗaya ce: kuɗi, ranar biya, wa'adin tashi, wanda ke gyaran me, da shaidu biyu. Ka riƙe littafi, ka ba da rasit kowane wata.

Ka leƙa ofishin haraji ka ji abin da ke kanka tun shekarar farko, kada ya taru. Zakka ba ta kan ginin da ake haya, tana kan kuɗin hayar in sun kai nisabi shekara ta zagayo a kansu. Kuma kowace shekara, a watan Mayu, ka ware hayar wata ɗaya, ka kira magininka, ku hau rufi tare ku share indararo, ku toshe tsaga, ku duba gindin bango da bakin shadda kafin ruwan farko ya sauka.